Wuyan Sitiyari Ya Ƙi Hawa, Ya Ƙi Sauka: Tambayoyi da Amsoshi Daga Wani Gareji a Zariya

Kanikanci nake yi a nan Zariya, rumfar da ke jikin tawa kuma ta wani mai rewaya ce, don haka aikin sitiyari, na hannu ko na lantarki, da wuya ya wuce mu biyun. Waɗannan su ne tambayoyin da masu mota suka fi yi mana. Roƙona ɗaya tun kafin mu shiga: in ya ƙi motsi, kada a nuna masa ƙarfi. Yawancin waɗanda muka cire muka jefar, hannun mai motar ne ko gudumar yaron gareji ta ƙarasa su.

Wai mene ne wuyan sitiyari, kuma me ke sa shi hawa da sauka?

Sandar ƙarfen nan ce da ta taso daga bayan sitiyari, ta bi ƙarƙashin dashbod, ta gangara wajen ƙafar direba inda take haɗuwa da abin da ke juya tayoyin gaba. A jikinta aka ɗaura ramin makulli, da sandar sigina da ta waifa, da wayoyin hon da na jakar iska, wato eyabag. Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, yadda aka kafa wuyan haka za ka tuƙa ta har ka sayar, gajeren direba sai dai ya ƙara matashi. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara sa wa motocinsa sitiyari mai lanƙwasa tun 1963, yanzu kuwa kusan kowace mota na da shi.

Iri uku muke gani. Akwai mai matsi: wata doguwar kusa ce ta ratsa maɗaurin wuyan, in ka rufe liba, wato ɗan hannun da ke jikin wuyan, sai kusar ta matse ƙarafan biyu su riƙe shi, in ka buɗe su sake. Irinsa ne a Corolla, da Accord, da Peugeot 406. Akwai mai haƙora, kamar na tsofaffin Camry na wajen shekarar 2000, wanda yake tsayawa mataki-mataki, kuma da ka ja liba sifirin zai cilla sitiyarin sama. Sai na lantarki, na su Lexus da Mercedes da manyan Land Cruiser, wanda ɗan maɓalli ne a gefen wuyan ke ba ƙananan injinan lantarki umarni, waɗanda masu rewaya ke ce wa moto. Kowanne da irin ciwonsa, shi ya sa tambayata ta farko a waya ita ce wace mota ce, ta wace shekara.

Makulli ya ƙi juyawa, sitiyarin ma ya ƙame ba dama ba hagu. Matsalar ke nan?

A'a, wannan makullin hana sata ne ya kama, kuma ba lalacewa ba ce. Ya fi faruwa in an ajiye mota taya na jingine da bakin kwata ko an kashe ta sitiyari a murɗe. Ka riƙe sitiyarin da hannu ɗaya ka ɗan ja shi ɓangaren da yake ba da wasa, ɗaya hannun kana juya makulli a hankali. Zai saki. Kada ka sa filaya a makulli, karyewa zai yi a ciki.

Na ƙara man sitiyari amma har yanzu bai sauko ba.

Ba zai sauko ba, Alhaji, ko galan ka juye. Man nan aikinsa sauƙaƙa juya taya, daga famfo yake zuwa ƙasan mota ya dawo, ko kusa da wuyan ba ya bi. Corolla ta Amurka daga 2009 ma ba ta da wannan man sam, moto ne a jikin wuyan ke taya ka juyawa.

Yana hawa yana sauka, amma ya ƙi matsowa wajena.

Kafin ka ja, tabbatar an yi shi da matsowar. Corolla 'yar Amurka ta 2003 zuwa 2008 hawa da sauka kawai take yi, sai daga 2009 aka ƙara mata shiga da fita. Camry ma sai ta 2007 ta samu. Accord ta 2003 kuwa tana yin duka biyun. Na taɓa ganin bawan Allah ya kafa ƙafa a ƙasa yana finciko sitiyarin Corolla 2005 har gumi, wai ta abokinsa tana yi.

Liba ta buɗe amma wuyan ko gezau. Me zan iya yi da kaina a gida?

Fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ajiye motar a fili, tayoyi a miƙe, ka tabbatar liba ta kai ƙarshen buɗewarta, domin wata saukar da ita ake yi, wata ɗagowa, kuma sau da yawa rabi mutum ya buɗe. Riƙe sitiyarin ta sama da ƙasa, ka riƙa jijjiga shi a hankali, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, irin yadda ake lallashin ƙofar katako da ta kumbura da damina. In mai haƙora ne, ka ɗan danna sitiyarin ƙasa kafin ka ja liba, saboda nauyin sifirin ne ke cije haƙoran.

In bai saki ba, sai a buɗe robobin da suka rufe wuyan. Yawanci sukuru biyu ko uku ne, wasu daga ƙasa, wasu kuma ba ka ganinsu sai ka juya sitiyari gefe. Robobin biyu ne, na sama da na ƙasa, da 'yan kunnuwa masu kama juna, waɗanda zafin rana ya riga ya gasa, don haka da yatsa ake raba su, ba a ɓanɓara da sukurudireba. Haska fitilar waya ka duba. Ka bi liba da ido har inda kusarta ta ratsa, ka ga ramin da kusar ke zirga-zirga a ciki in wuyan na hawa da sauka. A nan matsalar take zama: ko tsohon giris ya bushe ya koma kamar ƙanzo, ko tsatsa ta haɗe ƙarafan, ko wani abu ya faɗa ciki.

Share wurin da tsohon burushin haƙori da tsumma. Shimfiɗa kwali a ƙasa, fesa ɗan man sassauta tsatsa a daidai ramin da kan kusar, ka tafi ka yi sallah ka dawo. Mutane ba sa son wannan jiran, alhali shi ne rabin aikin. Da ka dawo sai ka ci gaba da jijjigawar. Da farko motsin ba zai fi kaurin farce ba, sai ya ƙaru, sai ka ji ya tafi gaba ɗaya. Daga nan a goge a sa sabon giris kaɗan.

Me ke jawo shi tun farko?

Zama wuri ɗaya ne babba. Mutum ya sayi mota ya daidaita sitiyari ranar farko, shekara biyar bai sake taɓa liba ba. Ƙurar hunturu tana shiga ta ko'ina, balle ga wanda ke bin hanyoyin cikin unguwa da gilashi a sauke, ta haɗu da giris ta zama taɓo, zafin bazara ya gasa shi. Sai ranar da uwargida ta karɓi makulli za ta kai yara makaranta a gano ya mutu a tsaye.

Akwai kuma motocin da ruwa ya ci a Amurka aka yi gwanjonsu, aka wanke aka kawo mana. Ƙarfen maɗaurin wuyan ba a cika yi masa fenti ba, saboda ba a yi shi don ya ga ruwa ba. In ka leƙa ƙarƙashin dashbod ka ga tsatsa ja ta rufe shi har sama, ka san motar ta yi wanka, kuma ba sitiyarin kaɗai zai ba ka labari ba.

Sai abubuwan da ke faɗawa. Wani malami daga Samaru ya kawo Accord, ya ce an gaya masa sai an canza wuyan duka. Muka buɗe roba, sai ga 'ya'yan carbi guda uku baƙaƙe sun shige ramin kusar, ɗaya har ya dare biyu. Ya tsaya yana kallonsu a tafin hannuna, ya ce, "Oga, ai wannan tun azumin bara ya tsinke, na yi ta neman cikonsa." A wuyan sitiyari yake rataye shi. Mun sha fitar da ƙwallon dabino, da tsinken sakace, da wayar caja da ta naɗe, sau ɗaya ma sheƙar ɓera.

Wane mai ya kamata a sa? Wani ya ce in ɗiga man birki.

Man birki yana cin fenti, yana lalata wasu robobin, kuma yana jan danshi, wato tsatsar da kake kora ita kake gayyata. Baƙin mai zai riƙa ɗiga a kan babbar rigarka, ya kuma tara ƙura. Fetur kusa da wayoyi kuwa ba sai na yi bayani ba. Abin feshi irin su WD-40 na sassautawa ne kawai, ba ya daɗewa. Abin da zai zauna shi ne giris, farin nan ya fi tsafta, kuma a kan gaɓoɓi masu juyawa da ramin kusa ake sa shi. Kada a cika shi a fuskar ƙarafan da ke matse juna, in ba haka ba an yi gudun gara an faɗa gidan zago: da ya ƙi motsi, yanzu ya ƙi tsayawa. Feshin kuma kada ya kai ga bayan sitiyari inda wayoyi suke, ko ga moton lantarki.

Dole ne sai an cire kan batir?

In hannu zai shiga tsakanin wayoyin wuyan, dole ne. Kashe mota, zare makulli, sa sifana mai lamba 10 ka cire baƙin kan batir, sannan ka jira. Toyota ta ce aƙalla daƙiƙa 90, Honda ta ce minti 3, saboda na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Ni minti biyar nake ba ta, ba gasa ake ba. Duk soket ko waya mai launin ruwan ɗorawa ta jakar iska ce, ba a tsikararta da fitilar gwaji. Jakar nan fashewa take da ƙarfin da zai iya karya wuyan wanda ya sunkuya a kanta.

Tawa Lexus ce. Na zare makulli sitiyari ya ɗaga sama kamar kullum, da safe ya ƙi dawowa.

Wannan ita ce ta fi kawo mutane da sassafe, domin a sama yake maƙalewa, inda tuƙi ba daɗi. Motocin nan an tsara su ne sitiyari ya janye duk lokacin da aka kashe, ya dawo in an kunna. Ka lissafa: gida zuwa ofis, ofis zuwa masallaci, Sabon Gari, PZ, Tudun Wada, a dawo gida. Moton da a wata motar sau biyu zai yi aiki a shekara, a nan sau ashirin yake yi a wuni.

Maƙwabcina mai rewaya, kafin ya ɗauki ko sukurudireba, kunne yake kasawa. Sai ya sa a kashe rediyo da esi, ya danna maɓallin ta fuska huɗu. In shiru ne ko'ina, wuta ce ba ta zuwa: fiyus, ko maɓallin, ko soket da ya zare, ko ɗan akwatin da ke sarrafa su. In shiga da fita na yi amma hawa da sauka ba ya yi, to wuta na zuwa, sai a nufi moton wannan ɓangaren ko maɓallin. In ana jin moto na kuka "zuuu" amma ba motsi, haƙoran roba na ciki sun cinye, ko mahaɗin da ke tsakanin moto da sandar zare ya gutsure, Mercedes ta fi yin wannan. In kuwa "ƙyas" kawai ya yi ya ɗan yunƙura ya tsaya, sandar zaren ce ta bushe, moto na da rai amma kaya sun fi ƙarfinsa. Wannan na ƙarshen shi ne mai daɗin gyara, shara da giris ne.

A duba batir ma. Lafiyayye in mota na kashe mita kan nuna wajen volt 12.6, in ya faɗo ƙasa da 12 abubuwa da yawa sai su fara shirme.

Dabara ɗaya da za ta iya kai ka gareji: ka danna maɓallin ƙasa, ɗaya hannun yana ɗan taya shi da nauyi kaɗan. In ya taho, ka bar shi a inda kake so, kada ka yi ta gwadawa. In bai taho ba cikin daƙiƙa biyu ko uku, saki maɓallin, riƙe shi yana ƙona moto. Sannan ka ja kunnen duk wanda zai ba moton wutar batir kai tsaye: dole ya zare soket ɗinsa tukuna, kuma wasu tsofaffin Lexus motonsu ba irin na gama-gari ba ne, ba ya tashi da wannan gwajin, sai a yanke masa hukuncin mutuwa yana da ransa.

Bayan gyara, shawarata ita ce a kashe janyewar nan ta kai da kai. A Toyota da Lexus ana yi da kwamfutar gwaji mai manhajar Techstream, a Mercedes da yawa kuma yana cikin saitin da ke kan dashbod. Wata Hajiya ta ce mini ita fa don wannan gaisuwar da sitiyari ke mata ta sayi motar. Na ce, "To Hajiya, a bar shi, amma duk shekara a kawo mu sa masa giris."

Yaron gareji ya ce a ɗan buga shi da guduma, ko a zura bututu a liba.

Karɓi makullinka. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ƙera wuyan sitiyari yadda zai noƙe ya shige cikin kansa in an yi karo, don kada ya soki ƙirjin direba. Abin da ke riƙe da shi a tsawonsa 'yan ƙananan abubuwa ne da aka yi su don su karye in an bugu. Guduma ba ta san bambancin karo da gyara ba. Ka buga, su karye, sitiyari ya fara wasa, kuma ba a mayar da su. A mota mai sitiyarin lantarki, wato wanda moto ke taya ka juyawa, har da na'urar da ke auna ƙarfin hannunka a jikin sandar, ita ma ba ta son duka. Liba kuwa kanta roba ne, ƙarfenta siriri. Ni ma ina yaro na karya ta wani da bututu, maigidana bai ce komai ba, ya dai cire kuɗin a hannuna har wata biyu.

Nawa akasin haka ne, liba ba ta riƙewa, in na shiga rami sai ya faɗo. A yi masa walda kawai?

Wannan ya fi maƙalewa haɗari, kada a hau hanyar Kano ko ta Kaduna da shi. A irin mai matsi, a ɗaya ƙarshen kusar akwai noti da ake ƙara wa ɗauri kaɗan-kaɗan, ana yi ana gwada liba, har ta riƙa rufewa da ɗan nauyi amma ba sai da hannu biyu ba. A lura, wasu zarensu na hagu ne, kana ganin kana ɗaurewa ashe kwancewa kake. In mai haƙora ne haƙoran suka cinye, sai canji.

Walda dai ban yarda da ita ba, ko mai motar ya ce ya yafe. Tana iya kashe noƙewar da na faɗa, zafinta na narka robobin ciki, wutarta na iya taɓa na'urorin mota, ga jakar iska a saman kai. Na san ana yi, musamman a motocin haya da waɗanda aka juya musu sitiyari daga dama zuwa hagu. Garin neman gira ake rasa ido.

In ya zama sai an canza, me zan duba a na gwanjo?

Kafin a kai ga canza duka, a tambaya ko moto kaɗai, ko liba da kusarta, za su wadatar, sau da yawa suna wadatarwa. In babu a Sabon Gari, ana samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Tafi da tsohon a hannu, a jera su a ƙasa, a gwada tsawo, da ramukan kusa, da yawan bakin soket, domin shekara ɗaya ma ana samun bambanci tsakanin 'yar Amurka da 'yar Turai. Buɗe liba a gaban mai shago ka ga tana aiki. Wanda ya fito daga motar da ta yi karo ta gaba, ko ka ga alamar ya noƙe ko an taɓa shi da wuta, ko kyauta ne bar shi.

Wajen ɗaurawa abu uku ke ɓata aiki. A bayan sitiyari akwai wata siririyar waya mai faɗi a nannaɗe kamar tef ɗin tela, muna ce mata ribon, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska. Juyinta ƙididdigagge ne, kamar biyu da rabi kowane gefe. In aka raba wuyan da ƙasa wani ya wulwula sitiyari don wasa, ranar da ka murɗa kwana har ƙarshe za ta tsinke, hon ya mutu, fitilar jakar iska ta kama. Don haka tayoyi a miƙe, a ɗaure sitiyari da bel, a yi alama da fenti kafin a zare. Na biyu, ramin makullinka na asali za a mayar a kan sabon wuyan, don ƙofa da tayar da mota su ci gaba da zama makulli ɗaya, kusoshinsa kuma marasa kai ne, sai da ɗan kurfi ake juyo su. Na uku, motar da ke da na'urar hana santsi ko sitiyarin lantarki tana iya buƙatar a saita mata tsakiya da kwamfuta, in ba haka ba fitila ta zauna a dashbod.

Ina jin "ƙwas-ƙwas" a sitiyari in na bi hanya mai gargada. Daga libar ne?

Gwada ka gani. Buɗe liba ka rufe da kyau, ka jijjiga sitiyarin sama da ƙasa mota na tsaye. In ƙarar na nan, daga maɗaurin ne. In sai ka juya dama da hagu take fitowa, a duba gaɓar da ke ƙasa wajen ƙafa. A Hyundai Elantra da Sonata masu sitiyarin lantarki kuwa, wata 'yar roba ce mai kamar tauraro a cikin moto ke cinyewa, ba ta fi murfin kwalba girma ba, kuma ita kaɗai ake canzawa.

An gyara. A ina ya kamata in tsayar da shi?

Kujera ake fara daidaitawa, sannan sitiyari. Tsakiyarsa ya kalli ƙirjinka, ba fuskarka ba, da tazarar da ba ta gaza santimita 25 ba. Ka ga mitar gudu gaba ɗaya ta cikinsa, gwiwa kuma kada ta taɓa shi in ka ɗaga ƙafa zuwa birki. A tsaye ake yin wannan, ba a cikin cunkoson Kwangila ba. Ka rufe liba ka jijjiga ka ji ya kama. Daga nan duk ranar da ka kai mota wanki, buɗe liba ka kai shi sama ka kai shi ƙasa sau biyu ko uku, ka mayar inda yake. Carbin kuma a nema masa aljihu.